GIDA KO MAGANI: WANNE YA KAMATA YA RIGA?

A kusan kowane babban gari akwai mutumin da kowa ya san fuskarsa, amma ba wanda ya san sunansa. Yana kwana a ƙarƙashin gada, ko a bayan tashar mota, ko a rumfar kasuwa bayan an tashi. Wani taɓin hankali ne ya fitar da shi daga cikin danginsa, wani giya ce, wani kuwa rikici ne ya cinye gidansa. Idan zancensa ya taso bayan an tashi daga sujada, sau da dama amsa ɗaya ake ji daga bakin mutanen kirki: ya fara gyara halinsa, ya bar sha, ya riƙa shan maganinsa, sa'an nan a nema masa ɗaki. Wannan magana tana da kamannin hikima. Amma ya dace a tsaya a auna ta. Shin wurin kwana lada ne da ake ba wanda ya warke, ko kuwa yana cikin abin da ke kawo warkewar?

Mafarin amsar yana cikin yadda magani yake aiki a jikin mutum. Mai tarin fuka yana bukatar shan ƙwayoyi kullum har watanni 6 aƙalla, in kuwa ya yanke a tsakiya, cutar tana iya dawowa da taurin da maganin farko ba ya jin ta. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau zai sha nasa kowace rana muddin ransa. Allurar insulin ta mai ciwon sukari tana son wuri mai sanyi, da abinci a kan lokaci. Gyambo yana son ruwa mai tsabta da sabon ɗauri. To, a ina mai kwana a titi zai ajiye ƙwayoyinsa ba a sace ba? A ina zai ɓoye katin asibiti ruwan sama bai jiƙa shi ba? Wanda ya kwana ido biyu don tsoron duka, yaya hankalinsa zai kwanta? Likita yakan sallami majinyaci ya ce masa ya je gida ya huta. Ga wanda ba shi da gida, wannan umarni ba shi da inda zai sauka.

An daɗe ana fama da wannan tambaya a Amurka. Tsarin da aka saba da shi a can kamar tsani yake. Marar gida zai fara da makwancin taron jama'a, in ya bar sha ya kuma bi dokokin jinya sai a ɗaga shi zuwa gidan wucin gadi, daga nan ne, in ya ci jarrabawa, zai sami ɗakin kansa. Wanda ya zame a kowane mataki sai ya koma ƙasa. Masu ciwo mafi tsanani su ne suka fi zamewa, saboda haka waɗanda suka fi bukatar gida su ne ba sa kaiwa gare shi.

A shekarar 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a birnin New York, ya juya tsanin. Ya ce a ba mutum mabuɗin ɗaki tukuna, ba tare da sharaɗin sai ya bar sha ko ya karɓi jinya ba. Abin da aka nema daga gare shi shi ne ya biya kashi 30 cikin 100 na ɗan kuɗin da yake samu a matsayin haya, ya kuma yarda ma'aikata su riƙa ziyartarsa. Ma'aikatan nan, wato nas da likita da mai ba da shawara, su ne suke bin sa har ɗakinsa da tayin magani. Binciken da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa bayan shekara 5, kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka ba ɗaki ta wannan hanya suna nan a gidajensu, alhali a tsohon tsari kashi 47 ne kawai.

Ƙasar Finlan da ke arewacin Turai ta ɗauki wannan hanya ta mai da ita manufar ƙasa a 2008. A Helsinki, babban birninta, an gyara wani makwancin taro na ƙungiyar Salvation Army mai gadaje kimanin 250, aka mai da shi ƙananan gidaje kimanin 80, kowa da ƙofarsa, ma'aikata kuma suna kusa. A 1987 marasa gida a ƙasar sun kai wajen 18,000. A 2023 ba su kai 4,000 ba.

Gaskiya kuwa ba ta son a faɗi rabinta. Mabuɗi ba ya warkar da kowa. Bincike a Amurka da Kanada ya nuna mutane suna zama a gidajensu, amma shan giya da ƙwaya ba ya gushewa don kawai an sami rufin kwano. Ɗaki ba tare da mai ziyara ba yana iya zama wani irin kaɗaici. Abin da gida yake yi shi ne ya ba magani wurin tsayawa, ya ba nas ƙofar da za ta ƙwanƙwasa gobe ta tarar da mutumin da ta gani jiya.

Akwai kuma ƙorafin da ya cancanci a saurare shi da girmamawa. Mai tura baro da ke fita tun asuba yana biyan haya da gumin goshinsa, ba wanda ya ba shi mabuɗi kyauta. Ina adalci a ba mashayi abin da mai ƙoƙari bai samu ba? Kukan mai baro gaskiya ne, kuma yana nuna ƙarancin gidaje masu araha, abin da ya kamata a gyara domin kowa. Amma barin marar lafiya a titi ba ya rage wa mai baro ko kwabo daga kuɗin hayarsa. Sa'an nan idan aka kawo wanda ya yi haɗari asibiti, ba a tambayar ko shi ne mai laifi kafin a tsai da jinin. Ana duban bukata tukuna, hisabi ya biyo baya. In har wurin kwana yana cikin jinya, to, ma'aunin jinya ne ya dace da shi.

Wani zai ce wannan zancen ƙasashe masu arziki ne. Amma Nijeriya tana da nata shaidu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. A 1989 kuma Rosalind Colwill, tare da Ikilisiyar Methodist ta Nijeriya, ta kafa Amaudo a Itumbauzo cikin Jihar Abiya ta yanzu. Ma'anar sunan a harshen Ibo ita ce ƙauyen salama. Ana ɗauko masu taɓin hankali daga kan titi, su zauna tare da ma'aikata, su ci abinci tare, su karɓi magani, su koyi sana'a, a nemo danginsu a mai da su gida. Ba a jira sun warke a bakin hanya kafin a buɗe musu ƙofa ba.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Ya ɗaure raunukan mutumin da ya tarar a hanya, amma bai bar shi nan da ɗauri ba. Ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauƙi, ya bar dinari biyu, ya yi alkawarin dawowa ya biya saura. Magani, da rufi, da mai dawowa: uku ɗin tare suka tafi. Kuma bai tambayi mutumin abin da ya kai shi wannan hanya mai haɗari ba.

Me wannan yake nema daga iyalin masu bi? Da farko, gidan da yake da ɗa ko 'ya mai taɓin hankali kada ya bar kunya ta kore shi waje, kada kuma ya sa masa mari ko sarƙa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa irin waɗannan majinyata suna da haƙƙi da mutunci. Na biyu, majami'ar da ta iya tara kuɗin sayen kayan kiɗa tana iya biyan hayar ɗaki ɗaya na shekara guda. Cikin membobi akwai nas, akwai mai gidan haya, akwai zumuntar mata da ta san yadda ake kai tuwo gidan marar lafiya. Sai dai a yi aikin tare da ma'aikatan lafiya, a kuma nemi yardar mutumin, gama taimakon dole ɗauri ne da wani suna.

Mai yiwuwa wanda aka ba ɗakin ya zame, ya koma sha, ya ɓata wa masu taimako rai. A ranar nan ce za a san ko lada aka ba shi ko jinƙai. Ubangiji ya ba ikilisiyarsa haƙurin sake ƙwanƙwasa ƙofar. Amin.