Jingina Magana ga Mai Ita: Amanar Ɗalibi a Rubutun Jami'a

Duk rubutun da ɗalibin jami'a ya miƙa wa malaminsa, jinga ce ta mako biyu ko kundin kammala digiri, yana tafe da da'awa guda: abin da ke cikin takardun nan na mai sunan da ke bango ne, in ban da wuraren da ya ce na wani ne. A kundin digiri har rubuta wannan da'awa ake yi a shafukan farko, ɗalibi ya sa hannu. To idan ya kwashi sakin layi uku daga kundin wani ya zuba a babi na biyu, wajen bitar ayyukan da suka gabata, bai ambaci mai su ba, me ya ɗauka, kuma wa ya zalunta?

Masu sassauta lamarin suna da hujjar da ba ta raini ba ce. Wanda aka sace wa akuya yakan wayi gari ya tarar da turke wayam, amma wanda aka kwafe wa littafi, littafinsa yana nan bai ragu da harafi ɗaya ba. Satar da fiƙihu ya tanadar wa haddi tana da sharuɗɗa: dukiya ce, ta kai nisabi, an ɗauke ta a ɓoye daga ma'ajiyarta. Kwafe jimla bai shiga wannan siffa ba. Ga shi kuma addini ya hana ɓoye ilimi, ya kwaɗaitar da yaɗa shi. Bahaushe ma ya tashi cikin karin magana da tatsuniya, waɗanda ba su da mai su, kuma a makarantar zaure ana yabon ɗalibi ne idan ya maido da matanin Ahalari ko Ishmawi ko Risala daidai yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Sai dai almajirin da ya haddace Risala bai taɓa cewa shi ya wallafa ta ba. Shi da malaminsa da masu sauraro duk sun san ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ce. A nan bakin zaren yake. Aibin kwafe ba tare da jinginawa ba ya fi kusa da ƙarya da ha'inci fiye da sata. Aya ta 188 a Suratu Ali Imrana ta gargaɗi masu son a yabe su kan abin da ba su aikata ba, kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar, wanda Buhari da Muslim suka fitar, ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya yi shigar ƙarya. Makin da malami ke bayarwa shaida ce, cewa wane ya karanta, ya fahimta, ya iya jera hujja. Takardar digiri tarin irin wannan shaida ce, da ita za a ɗauki mutum aiki, a damƙa masa aji ko asibiti. Wanda ya miƙa aikin wani ya sa malaminsa shaidar zur ba da saninsa ba, ya kuma shiga gaban abokin karatunsa da ya kwana a laburare.

Akwai wani da ake zalunta wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai karatu. Malaman hadisi sun fi kowa zurfafa tunani a kansa. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a 181 bayan Hijira, ya lissafa isnadi cikin addini, don da shi ne ake hana kowa faɗin abin da ya ga dama. Amfanin ambaton madogara shi ne a bar wa na baya hanyar komawa ya duba da idonsa. Har suna suka ba wata dabara ta ɓoye tushe, tadlisi: mai ruwaya ya tsallake wanda ya ji magana daga gare shi, ya jingina ta ga na sama da lafazin da zai sa a zaci kai-tsaye ya ji. Wannan dabara tana nan da ranta a ɗakunan karatu. Ɗalibi zai ga ma'anar wata kalma a kundin wani da ya gama shekaru biyar da suka wuce, an ce daga ƙamusun Bargery na 1934 take, sai ya kwashe ta har da lambar shafi, ya sa Bargery a manazarta, alhali ko bangon ƙamusun bai taɓa shafawa ba. Idan na farko ya yi kuskuren shafi ko ya gutsure ma'anar, haka kuskuren zai yi ta yawo daga kundi zuwa kundi, kowa yana zaton an duba. Gyaran bai wuce kalmomi kaɗan ba: a ce Bargery, kamar yadda wane ya kawo.

Magabata ba su tsira daga wannan rigima ba. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya rubuta risala sukutum kan bambancin mawallafi da ɓarawo, mai suna Alfariƙ bainal Musannifi was Sariƙ, saboda zafin ganin ana ɗibar aikinsa ba a ambatonsa. Shi kansa kuma Sakhawi, malamin zamaninsa, ya zarge shi da ɗibar littattafan wasu. Abin lura shi ne dukansu biyu sun yarda cewa aikin abin kunya ne, saɓaninsu kan wanda ya aikata ne kawai. Malaman Sakkwato sun gaji wannan tarbiyya. Mai buɗe littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zai ga shafuka cike da maganganun wasu, amma kowace an ce wane ya faɗa a littafi kaza, in ta ƙare a rufe ta da kalmar intaha, wato maganarsa ta tsaya nan. Aikin da alamar zancen wani da tsarin ambaton madogara na APA ke yi a yau ke nan. Ƙanen Shehu, Abdullahi, kuwa ya keɓe littafi, Ida'un Nusukhi, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta.

Ya kamata a raba wannan batu da haƙƙin mallaka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Wannan ya shafi bugawa da sayarwa, kuma mai shi yana iya yafewa. Jinginawa ba ta faɗuwa da yafiya. Ɗalibin da ya sayi kundi a shagon buga takardu na bakin makaranta ya biya kuɗi, mai sayarwa ya yarda, ba a ƙwace wa kowa komai ba, amma da'awar da ke shafin farko ƙarya ce. Haka wanda ya sa ChatGPT ta rubuta masa babi ya miƙa a matsayin nasa. Manhajojin gano kwafe irin su Turnitin galibi kamannin kalmomi suke aunawa. Wanda ya fassara maƙalar Ingilishi zuwa Hausa ya ɗora sunansa yana iya wucewa ta gabansu lafiya, laifin kuwa yana nan daram. Zanen aro dai ba ya rufe katara, ranar kare kundi tambaya biyu ta isa ta nuna.

Ba kowace magana ce ke neman madogara ba. Cewa Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960 sanin kowa ne. Abin da ke buƙatar jinginawa shi ne lafazin wani, ko ra'ayinsa ko da an sauya masa kalmomi, ko alƙaluman da ya tattara, ko tsarin da ya ƙago na rarraba abu. Yawancin zamewa kuma tun wajen tattara bayanai take farawa, ba da mugun nufi ba. Ɗalibi ya kwafi jimla a littafin rubutunsa bai sa mata alama ba, bayan wata biyu ya dawo ya ɗauka tasa ce. Shi ya sa masu duba aiki ke nanata a rubuta sunan marubuci da shekara da shafi a daidai lokacin da ake karatun, a kuma ware lafazin marubuci daga sharhin mai karatu tun a takardar farko.

Wasu ɗalibai suna tsoron cewa idan suka mayar wa kowa da maganarsa, ba abin da zai rage nasu. Abin da ke ragewa shi ne ainihin abin da ake nema a gare su: zaɓen wanda za a kawo, gwama ra'ayin wane da na wane, nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, da faɗin wanda ya fi ƙarfin hujja da dalilin haka. A sassan nazarin Hausa, bitar ayyuka takan kai ga abin da ake kira hujjar ci gaba da bincike, inda ɗalibi zai nuna giɓin da na gabansa suka bari. Ba a iya nuna giɓin sai an shata iyakar abin da kowannensu ya riga ya faɗa, da sunansa da shekararsa.