Tankin da Ba Ya Riƙe Ruwa

Karatu: Irmiya 2:4-13; Zabura 139:23-24
Ayar haddacewa: Irmiya 2:13

Waɗansunmu suna da masai irin na ruwa a gida ko a harabar majami'a. A bayansa akwai tanki, aikinsa kuwa shi ne ya riƙe ruwa har sa'ad da za a bukace shi. Amma wani lokaci, in dare ya yi tsit, mukan ji ruwa yana tsiyaya a hankali cikin kwanon masai, ba kuwa wanda ya taɓa shi. Daɓe a bushe yake, bango bai jiƙe ba. In mun ɗaga murfi sai mu ga tanki cike, gama famfo yana mayar da abin da ya zube. Saboda haka mukan ce ba kome. Sai ran da aka ɗauke ruwan famfo mu tarar da shi wayam.

Galibi laifin yana ɗaya daga wurare biyu. Ko dai robar da ke toshe ƙofar ruwa a gindin tanki ta tsufa ko datti ya hana ta zama daidai, ko kuwa ƙwallon da ke bisa ruwa ya kasa rufe famfo, ruwa ya wuce iyaka yana bin bututun rara. Ga yadda za mu gane. Mu zuba bula kaɗan cikin tanki, mu jira rabin sa'a ba tare da an kora ruwa ba. In shuɗi ya bayyana cikin kwano alhali ruwa bai kai bakin bututun rara ba, robar ce. Sai mu rufe famfo, mu zubar da ruwan tanki, mu goge mazaunin robar, mu sa sabuwa. In ƙwallon ne, mu saukar da shi kaɗan, ko mu sake robar bakin famfo. Kuɗin gyaran kaɗan ne, amma mai sakaci yakan yi hasarar ruwa dare da rana.

Mutanen Yahuza sun san wannan baƙin ciki. A ƙasarsu ruwan sama yakan ɗauke watanni, saboda haka sukan sassaƙa ramummuka cikin dutse, su shafe su, su tara ruwa domin rani. In ramin ya tsage, ruwan yakan tsiyaye a ɓoye. Annabi Irmiya, wanda aka kira a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, ya ɗauki wannan misali. Ubangiji ya tuhumi jama'arsa da laifi biyu: sun rabu da shi, shi da yake maɓuɓɓuga, sun kuma dogara ga gumaka, waɗanda suke kamar tsagaggun ramummuka.

'Yan'uwa, bari mu duba kanmu. Kowace Lahadi muna jin Maganar Allah, muna waƙa, muna ba da baiko. Wanda ya dube mu zai ce a cike muke. Amma kafin Laraba ina abin da muka ji? Ƙiyayya ga ɗan'uwa, ƙaryar ciniki, laya a ƙarƙashin matashi, waɗannan su ne ƙofofin da albarka take zurarewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ran da ciwo, ko rashi, ko tsanani ya zo, a ranar za a san abin da muka riƙe.

Mai Zabura ya roƙi Allah ya bincike zuciyarsa. Wannan ita ce bular da take tona yoyon da ido ba ya gani. In Ruhu Mai Tsarki ya nuna mana wurin, kada mu mayar da murfi mu tafi. Mu furta zunubin da sunansa, mu shirya da wanda muka yi wa laifi, mu komo wurin Yesu Kristi, wanda ya yi wa matar Samariya alkawarin ruwan rai.

Tambayoyi

1. Me ya sa yoyon ɓoye ya fi na fili haɗari?
2. Waɗanne tsagaggun ramummuka ne muke dogara gare su yau?
3. Wane gyara ne kowannenmu zai yi kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka nuna mana inda muke yoyo, ka gyara mu, ka cika mu, domin mu riƙe Maganarka har ƙarshe. Cikin sunan Yesu. Amin.