Bashi da Yankakken Ruwa

Duk wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, ya san ƙasa ce wadda ba ta da daji. Gona tana manne da gona, ba abin da ya raba su sai jerin gamba, ko 'yar hanyar da jaki ke bi da mangalar taki. Ba a barin fili ya huta, kowace shekara sai an nome shi, kuma kowace ɗorawa da kowace kuka da mai ita. Mutumin da gonarsa ta kuɓuce masa a nan ba shi da inda zai ɗauki gatari ya tafi ya yi sabon sassabe. Shi ya sa maganar bashi ta ke da nauyi a wannan ƙasa, domin kowane bashi, in aka bi sawunsa, a bakin gona ya ke tsayawa.

To, ga tambayar da za a duba. In mutum zai ci bashi ya sayi kayan da ya ke fata za su yi tsada, kayan nan kuwa su ne jinginar bashin, wanne ya fi kusa da adalci, a yanka masa ruwan da zai biya tun ranar farko, ko kuwa a bar ruwan ya bi kasuwa, ya hau in ta hau, ya sauka in ta sauka? Hukuncin riba dai sananne ne, ba almajirin da ya kai Baƙara da bai ji shi ba, ba kuwa shi a ke neman warwarewa a nan ba. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mutane da yawa waɗanda ba za su taɓa yarda a kira su masu cin riba ba sun ɗauka cewa da zarar an yanka adadi, an kira shaidu, an rubuta, to, zalunci ya fita daga ciniki. Wannan zato shi ne ya kamata a auna.

Zaton yana da tushe mai kyau. Ayar da ta fi kowace aya tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna, bai hana su ba, sai ya sharɗanta a san mudu, a san nauyi, a san ranar bayarwa. Lalle sani ya fi duhu. Wanda ya san abin da a ke binsa yana iya barci, yana iya lissafin aurar da 'yarsa, mai ba da bashi kuma ba shi da damar ƙara masa kaya tsakiyar hanya.

Sai dai a tambaya, yaushe aka yanka, kuma wa ke cikin gaggawa ranar da aka yanka? A zamanin En'e shekarar kuɗi tana ƙarewa ne ran 31 ga Maris. Kafin ranar nan dole harajin kowace gunduma ya shiga Baitulmali, Ma'aji ya rufe littafi. Saboda haka hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidan talaka. An soke harajin nan a Kano cikin 1979, amma ƙauye yana da tasa shekarar kuɗi wadda ba gwamnatin da ta iya soke ta. Ana cin bashi da marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga noma bai ƙare ba, ana biya da kaka. Abin da a ke kira falle ke nan. Sau da yawa dami ɗaya a ke karɓa cikin damina, a mayar da biyu bayan girbi. Ba cinikin da ya fi wannan fitowa fili: an san mudu, an san rana, an yi gaban shaidu. Amma mutumin da 'ya'yansa suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, da an ce masa dami uku ma da ya amsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Yardarsa yarda ce a gaban alƙali, amma ba wanda zai rantse cewa zaɓi ya yi.

Gyaɗa ta koya wa ƙasar nan irin wannan karatu a babban allo. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ciniki ya buɗe a shekara ta biye, kuɗi suka riƙa gangarowa daga kamfanonin Turawa zuwa manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata, daga nan zuwa 'yan baranda, har su kai ga manomi tun gyaɗa tana cikin ƙasa. Daga 1949 Hukumar Cinikin Gyaɗa ce ke yanka farashi, daga 1954 kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta karɓa. Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne, watau a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. Amma ana shelar farashin ne dab da buɗe ciniki, bayan manomi ya riga ya shuka, ya nome, ya ci bashi a kai, kuma ba a taɓa zama da shi aka yi tayi ba. A shekarun da gyaɗa ta yi tsada a Ingila, rarar ta zauna wurin hukuma. Da fari ya zo cikin 1973, cutar da darɓa ke yaɗawa kuma ta cinye gyaɗar 1975, yankakken farashi bai amfani mutumin da ba shi da ko tiya guda ta sayarwa ba, masu binsa bashi kuwa ba su yafe ba. An rushe hukumomin cinikin cikin 1986.

Mutanen birni suna da nasu irin wannan bashi, sai dai maimakon hatsi, hannun jarin kamfanoni su ke saye. Mutum ya kawo kuɗinsa, banki ya ƙara masa, a sayi hannun jari, banki ya riƙe su jingina. In darajarsu ta faɗi ta kusa cin kuɗin banki, sai a aiko masa ya ciko, in bai ciko ba a sayar ko ba ya so. A Ostareliya, inda shekarar kuɗi ke ƙarewa ran 30 ga Yuni, masu irin wannan bashi sukan yanka ruwan shekara mai zuwa su biya shi gaba ɗaya kafin ranar, don a rage musu haraji. Dabara ce, amma ba ta hana a aiko musu su ciko. Nijeriya ta ɗanɗana wannan cikin 2008, sa'ad da kasuwar hannun jari ta Ikko ta karye bayan bankuna sun zuba bashi a cikinta. Cikin Agusta 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Aka tallafi bankunan da kuɗin gwamnati. Malamin makarantar da ya sa kuɗin sallamarsa ciki, shi kam sai haƙuri.

A komo ƙauye, a ɗauki misalin wa da ƙane a ƙasar Dambatta, masu sayen hatsi da kaka su ajiye sai damina, sana'ar da ta cika rumbunan kasuwar Dawanau. A ce kowannensu yana da naira miliyan 1, ya ranto miliyan 1, ya sayi buhu 40 a kan naira 50,000 kowane buhu. Hatsin yana cikin sito, mabuɗi yana hannun mai kuɗi, aka kuma ambaci gona cikin takarda don ƙarin tabbaci. Wan ya yanka nasa ruwa, kashi 25 cikin ɗari a shekara. Ƙanen ya bar nasa ya bi kasuwa. Tsoron wan ba na banza ba ne, gama ma'aunin ruwa na Babban Banki ya tashi daga kashi 11.5 a farkon 2022 har ya kai 27.5 a ƙarshen 2024.

Wan ya ce, "Kai yaro ne. Ni na san abin da a ke bina, ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a ƙara mini kwabo ba."

Ƙanen ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Amma shi hatsin, wa ya yanka maka kuɗinsa?"

A ce ruwan ƙanen ya hau zuwa kashi 30. Zai biya 300,000, wansa 250,000. Abin da yankan ya tsirar wa wan ke nan, 50,000, kuɗin buhu ɗaya. Sa'an nan a ce hatsi, maimakon ya yi tsada da damina yadda ya saba, sai ya faɗo zuwa 35,000. Ba tatsuniya ba ce, an ga irinta cikin 2025, sa'ad da farashin hatsi ya karye a kasuwannin Arewa bayan tsadar 2024, masu ajiya da yawa suka tafka hasara. Buhu 40 sun koma naira 1,400,000. An yi hasarar 600,000, kuɗin buhu 12 ke nan a farashin saye. Mai kuɗi zai ɗauki 1,250,000 daga na wan, ba ragi ko na anini. Abin da ya rage masa daga miliyan ɗinsa 150,000 ne, ƙanensa kuwa 100,000. Ashe wan ya toshe ramin ɓera ne, ƙofar rumbu tana buɗe. Abin da ya fi muni, kwanciyar hankalin da yankan ya ba shi tana iya sa ya ranto fiye da abin da zai ranta da yana jin tsoro.

Kada a yi wa mai ba da bashi rashin adalci, shi ma yana da ta cewa. Zai ce, "Da buhu ya kai 90,000, da ya ƙara mini ko sisi? Na ɗaure kuɗina shekara guda, alhali kuwa tsadar kaya ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, watau abin da aka mayar mini bai sayen abin da na bayar ya saya. Ni ma na ɗauki kasada." Maganar nan tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Yanka ruwa caca ce tsakanin mutum biyu a kan abin da gobe za ta kawo, kowa yana iya faɗuwa. Amma faɗuwar ba iri ɗaya ba ce. In ta juya wa mai kuɗi, dukiyarsa ce ta rame, yana da waɗansu basussuka a waɗansu garuruwa da za su cike masa. In ta juya wa mai cin bashi, mabuɗi ba ya hannunsa, ba shi da ikon cewa a dakata wata biyu ko kasuwa za ta farfaɗo, za a sayar a ranar da ta fi kowace muni, in bai isa ba a waiwayi gona. Hasara tana nan ko an yanka ko ba a yanka ba. Abin da takardar ta yi shi ne ta nuna wuyan da za a rataya wa ita, tun kafin ta zo.

Fataken Kano sun daɗe da sanin wata hanya, wadda littattafan fiƙihu ke kira ƙiradi. Maigida ya ba yaronsa jari, yaro ya yi fatauci, in an ci riba a raba bisa kason da aka shirya, in an faɗi ba da sakaci ba maigida ya yi hasarar dukiya, yaro ya yi hasarar wahalarsa. A nan ma akwai abin da aka yanka tun farko, amma kaso ne, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi ba, saboda haka ba mai yin dariya ranar da ɗan'uwansa ke kuka. Bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin wanda aka fara buɗewa a Nijeriya cikin 2012, wannan yana cikin hanyoyin da aka kafa su a kai.

To, me ya hana kowa ya bi ta? Amana ce ta yi wuya. Mai ƙiradi dole ya gaskata lissafin abokinsa, ko kuwa ya bi shi kasuwa kasuwa yana ƙirga buhu. In yaro ya ce ƙwari sun ci buhu biyar, wa ya gani? Mai yankakken ruwa ba ruwansa da wannan duka, ba ya bukatar sanin halin mutum, gonarsa kawai ya ke bukatar sani. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san daɗin adadin da ba ya motsi, don shi ne ke sa a rufe shekara ba tare da gardama ba. Amma sauƙin nan na mai littafi ne. Kuma laifin ba na masu kuɗi kaɗai ba ne: kowane yaron da ya taɓa cin jarin maigidansa ya ce hasara aka yi, ya taimaka wajen tura maƙwabtansa hannun masu ruwa.

Saboda haka dattijon da aka kira shaida, in an karanta masa adadi da rana, bai gama aikinsa ba. Sauran ya tambaya, in kaya suka faɗi, wa ke da ikon cewa a sayar, kuma a wace rana? In kuɗinsu bai biya ba, bashin ya mutu ke nan, ko zai tsallaka zuwa gona? Yawanci ba a son tambayar nan a zaure, don mai karɓa yana jin kunya, mai bayarwa kuma yana duban agogo. In ba a yi ta ba, amsarta tana zuwa da bazara. Gonar takan shiga jingina, wanda ya karɓa ya kai takinsa ya shuka, yana ci har ran da aka fanshe ta, abin da malamai suka daɗe suna ƙyama. Shekara ta bi shekara, shaidu su mutu, 'ya'yan mai gona su tafi cin rani Ikko ko Fatakwal, in sun komo da damina su yi ƙwadago a gonar ubansu a biya su da yamma.