Fasali a kan Misali da Abin da Yake Ɓoyewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga mas'ala: don me masu hikima, idan za su faɗi wahalar mutum cikin jama'arsa, sai su sakaya ta da dabba ko ruwa ko tafiya? Ƙarya ce wannan, ko tsoro, ko hikima?

Ka sani, misali ba ƙarya ba ne, domin mai faɗa da mai ji duk sun san abin da ake nufi. Alƙur'ani mai girma kansa ya buga misali da sauro da ƙuda da gizo-gizo. Ibnul Muƙaffa'i kuwa, da ya mayar da Kalila wa Dimna Larabci, ya kawo mana fadar sarki a kamannin zaki da diloli.

Dubi Gizo na tatsuniyoyinmu. Ba shi da ƙarfi, ga tsamin baki, amma ya ɗaura wa giwa da dorina igiya ɗaya, kowa yana ja yana tsammanin da Gizo yake ja. Wannan shi ne talakan ƙasar Dambatta da Bichi, inda gona ke jingine da gona, gado kuma yana ta tsattsaga ta, ga mai bin bashi nan, ga mai iko can. Sai dai ka lura, sau da yawa Gizo da kunya yake ƙarewa. Tatsuniya tana tausaya wa rauninsa, ba ta halatta masa yaudara.

Dubi kuma Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933. An wulaƙanta malami a fada don ya ce akwai ruwan da zai warkar da ɗan sarki, sai Alhaji Imam ya shiga duniya nemansa. Ruwan nan gaskiya ce da aka ƙi don mai faɗarta ba shi da ƙarfi, tafiyar kuwa ita ce kuɗin da ake biya kafin a tabbatar da ita.

To, ga inda haɗari yake. Kowa ya ji labari sai ya ɗauki kansa wanda aka zalunta. Ba ka taɓa jin wanda ya ce shi ne kura. Ya kai ɗan kasuwa, idan ka ba manomi dami ɗaya da damina don ka karɓi biyu da kaka, ko ka saya da babban mudu ka sayar da ƙarami, wane ne kai cikin tatsuniyar? Ya kai almajiri, idan ka ƙwace ƙwaryar ƙolo don ka fi shi ƙarfi fa? Misali madubi ne, laifi kuwa tudu ne, mutum kan taka nasa ya hangi na wani.

Kuma misali yana da iyaka. Ana sakaya magana don a kare mai rauni, a kuma bar wa mai laifi ƙofar tuba ba tare da tozarci ba. Amma idan aka kira ka shaida kan iyakar gonar maraya a gaban alƙali, babu habaici a nan. Ɓoye shaida zunubi ne. An daɗe ana zagin kura a dandali, amma haraji da jangali ba su faɗi a Jihar Kano ba sai 1979, zamanin gwamna Abubakar Rimi, bayan Malam Aminu Kano da mutanensa sun shekara kusan talatin suna kiran abin da sunansa, wasunsu har da shan ɗauri.

Saboda haka, misali hikima ne matuƙar yana kai ka ga gaskiya. Yakan zama tsoro ranar da ka fake da shi alhali faɗa a fili ta wajaba a kanka. Ka nemi kanka cikin labari kafin ka nemi maƙwabcinka.

Allah ne mafi sani. Allah ya sa mu dace, amin. Tammat bi hamdillahi.