KACIYAR BABBA DA MAN KASHE ZAFI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, al'adar mutanen Ɗanbatta da ƙauyukanta ita ce wanzami ya yi wa yara kaciya da hunturu, bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Amma akan sami wanda ya musulunta da girmansa, ko wanda jinya ta hana a yi masa tun yana yaro. Irin wannan bawan Allah kunya da tsoron aska sukan daure shi shekaru, har ya sayo man shafawa mai kashe zafi ya nufi wanzami a ɓoye. To, ina hukuncin wannan?

A mazhabar Imamu Malik kaciya sunna ce mai ƙarfi ga maza, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala. Imamu Shafi'i kuwa wajibi ya ɗauke ta. Buhari ya ruwaito cewa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kaciya yana da shekara 80. Ashe girma ba abin kunya ba ne. Game da babba mai tsoron halaka, Sahnun ya ce lalle ya yi, Ibn Abdil Hakam ya ce an yi masa rangwame. Ko ta halin ƙaƙa Musuluncinsa ya inganta, kada kowa ya goranta masa.

Kashe zafi halal ne, domin maganin ba ya bugarwa, kuma Shari'a ba ta neman bawa ya azabtar da kansa. Haka ma likita ya dubi al'aura saboda lalura ya halatta.

Sai dai halaccin abu daban, isarsa daban. Man da aka fi sani, EMLA, haɗin lidokain ne da firilokain, kuma saman fata kawai yake kashewa. Fatar babba ta fi ta yaro kauri, jijiyoyin jininsa sun fi girma. Saboda haka likitoci allurar kashe zafi suke yi a gindin gaban, sa'an nan su ɗaure jijiyoyi su ɗinke. Man yana rage zafin allura ne, ba ya maye gurbinta. Wanda ya lafta shi fiye da ƙima kuwa yana iya hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata.

Don haka mai wannan niyya ya tafi Babban Asibitin Ɗanbatta, ya faɗa wa likita gaskiya in yana da ciwon sukari ko jininsa ba ya saurin tsayawa. Malaman da suka musuluntar da shi su raka shi, su rufa masa asiri. Sunna ba ta zama dalilin jefa rai cikin halaka.

Allah Shi ne Mafi sani.