Dutse na Uku a Murhu

Ranar bikin 'yar wan babana, tun kafin hantsi aka tattara mu yara aka ce mu je mu nemo duwatsun murhu. Tukunyar da za a ɗora irin ta ƙarfen nan ce ta taron biki, wadda ko babu komai a cikinta sai mata biyu sun kama. Muka mirgino manya guda biyu daga bakin masussuka, kansu ɗaya kamar tagwaye, muna ta murna mun yi abin kai. Goggo ta dube su, ta dube mu, ta ce, "Sannunku 'yan albarka. To ina na ukun?"

Muka sake bazama. Wanda muka fara kawowa daga bakin rafi muka ɗauko shi, mai santsi, gwanin kyau. Ta ce mu mayar, dutsen da ya kwana cikin ruwa in ya ji wuta fashewa yake yi. Na biyu dogo ne amma gindinsa da tsini, tana taka shi da ƙafa ya yi gefe. Wanda ta karɓa a ƙarshe wani gajere ne mai faɗin gindi, bai kai rabin 'yan'uwansa ba. Ta tona ƙasa kaɗan manyan suka nutse, ta girke ƙaramin ta cusa masa tsingaro, ta ɗora tukunya ta girgiza ta da hannu biyu, sannan ta ce a hura wuta. Na ce, "Goggo, ai tun ɗazu ta zauna." Ta ce, "Ɗan nan, ba a sanin murhu lokacin da ruwa ke tafasa. Bari a sa muciya."

Wannan maganar ce ke dawo mini duk lokacin da na tuna abin da ya faru a Ostireliya a 2010.

A can ba a zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye kamar yadda muke yi a Najeriya. Majalisar wakilai ake zaɓa, kujeru 150 a lokacin, wanda ya iya tara 76 a bayansa shi ne firaminista. Kuma dokarsu ta bar mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, abin da tsarin mulkinmu bai yarda da shi ba. Aka yi zaɓe ranar 21 ga Agusta. Jam'iyyar Leba ta firaminista Julia Gillard ta sami 72. Haɗakar Libaral da Nashonal ta Tony Abbott ita ma 72. Da aka gama lissafin ƙuri'un da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ratar ba ta wuce kimanin 30,000 ba cikin sama da miliyan 12. Rabon ƙasar da irin wannan kunnen doki tun 1940. Manyan duwatsu biyu ke nan, kansu ɗaya, ga tukunya a ƙasa.

Kujeru shida suka rage. Ɗaya ta Adam Bandt ce na jam'iyyar masu kare muhalli, wanda tun farko an san Leba zai bi. Ɗaya ta Tony Crook, ɗan Nashonal daga yammacin ƙasar, wanda ya ja baya na 'yan kwanaki kafin ya tsaya wa Abbott. Sauran huɗun 'yan indifenda ne, marasa jam'iyya: Andrew Wilkie daga tsibirin Tasmaniya, sai uku daga karkara, Tony Windsor da Rob Oakeshott da Bob Katter mai malafa, wanda mazaɓarsa kaɗai ta fi rabin Najeriya faɗi. Mutanen da a da 'yan jarida ba sa ko waiwayarsu a harabar majalisa suka wayi gari kowa na bin su da makirufo. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Kwana 17 aka yi ana zaman ciniki a Kanbera, babban birnin ƙasar. Gillard na riƙon ƙwarya, ofisoshi a buɗe, kasuwa na ci, ba wanda ya fito da sanda. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin kwanakin nan shi ne abin da mutanen karkarar nan uku suka fara nema. Ba muƙami suka tambaya ba. Takardar buƙatu bakwai suka miƙa wa shugabannin biyu, kuma a cikinta har da cewa ma'aikatan Baitulmali su zauna su ƙididdige alkawuran da kowane ɓangare ya yi wa jama'a lokacin yaƙin neman zaɓe, a ga ko kuɗin da aka ce za a kashe ya yi daidai da wanda aka ce za a samu. Abbott ya ƙi da farko, daga baya ya sallama. Da lissafi ya fito sai aka ga giɓi a alkawuran haɗakarsa, tsakanin dala biliyan 7 zuwa 11. Taka dutse da ƙafa ke nan kafin a ɗora tukunya. Sun ƙi cinikin biri a sama, kuma a ganina tun daga nan suka cancanci nauyin da ƙuri'a ta ɗora musu.

Labarin Wilkie ya fi kowanne daɗe mini. Tsohon soja ne kuma jami'in tattara bayanan sirri, wanda ya ajiye aikinsa a 2003 saboda bai yarda da hujjar shiga yaƙin Iraki ba. Babban asibitin garin Hobat da ke mazaɓarsa ya tsufa, kowa ya sani. Abbott ya yi masa tayin dala biliyan 1 don a gina sabo. Gillard ta ce miliyan 340, daga wani asusun lafiya da ke akwai, ta hanyar da kowace jiha ke bi ta nema. Wilkie ya ɗauki ƙaramin. Dalilinsa shi ne ba a nuna masa inda biliyan ɗin zai fito ba, ya kuma ɗauki tayin a matsayin ganganci. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: ɗan siyasa sabon shiga majalisa, an miƙa masa abin da zai koma gida da shi a yi ta yi masa kirari, ya mayar. Dutsen bakin rafi ne, ga kyau ga santsi, amma ya ga ruwan da ke cikinsa. Wanda zai ba ka biliyan yau don ƙuri'a ɗaya, ba tare da lissafi ba, haka zai yi da baitulmalin ƙasa gobe, kuma da hannunka aka ɗora shi. Abu na biyu da Wilkie ya karɓa shi ne alkawarin doka kan injinan caca, wadda za ta tilasta wa mai caca ya ƙayyade tun farko iyakar abin da zai iya asara. Gillard ta sa hannu ranar 2 ga Satumba.

Ranar 7 ga wata Katter ya fito shi kaɗai ya ce Abbott zai bi. Aka koma 74 da 74, ya rage mutum biyu. Windsor ya yi magana a taƙaice, ya ce Gillard. Oakeshott ya yi minti 17 yana jawabi kafin ya furta nasa zaɓin, ƙasa duka na jiran kalma ɗaya. Aka tashi 76 da 74.

Windsor manomi ne, kuma ba ranar ya fara zama dutse na uku ba. A 1991, a majalisar jiharsa, ya taɓa tallafa wa gwamnatin Libaral da Nashonal da ba ta da rinjaye. Don haka ba ƙiyayyar wani ɓangare ta ja shi ba. Ya kawo dalilai biyu. Na farko shirin Leba na jan layin intanet mai sauri har ƙauyuka, wanda ya ce shi zai kai likita da malami inda hanya ta yi nisa. Na biyun ya jawo masa surutu: ya ce Abbott ya fi kusa da rusa majalisa a koma zaɓe da wuri, don yana ganin zai ci. Masu suka suka ce ashe da gangan ka zaɓi wanda kake ganin ya fi rauni. Ni kuwa maganar Goggo nake ji a ciki. Tambayarsa ita ce wane ne zai zauna daram har tuwo ya nuna, shekara uku cur, yana buƙatar majalisa kullum, yana sauraron ta dole. Mai neman hanyar tashi daga murhu, komai girmansa, da an sa muciya zai goce.

Ba zan ɓoye abin da ke da nauyi a ɗaya gefen ba. Windsor da Oakeshott dukansu tsofaffin 'yan Nashonal ne, kuma yawancin mutanen mazaɓunsu ba masu son Leba ba ne. Da yawa sun ji an ci amanarsu, kuma ban ga laifin wanda ya ji haka ba. Sannan ba kyauta suka yi ba: yarjejeniyar ta zo da kusan dala biliyan 10 na ayyukan karkara, asibitoci da makarantu da hanyoyi. Mutumin birni na da ikon tambayar me ya sa mazaɓu biyu za su karkata kasafin ƙasa. Abin da ya sa na tsaya tare da su duk da haka shi ne a rubuce aka yi komai, aka buga kowa ya karanta. Ba su shiga jam'iyyar kowa ba. Abu biyu kawai suka ɗauka: ba za su hana kuɗin gudanar da gwamnati wucewa ba, ba kuma za su goyi bayan ƙuri'ar yanke ƙauna ba tare da babban dalili ba. Sauran dokoki kowace sai an zo an lallashe su a kanta. An yi wa Oakeshott tayin minista, ya ƙi. Idan aka kwatanta da Gana bayan zaɓen 2020, inda manyan jam'iyyu biyu suka tashi 137 da 137, ɗan indifenda ɗaya na Fomena ya jingina da mai mulki ya zama mataimakin kakaki na biyu, za a ga cewa ƙin muƙami a irin wannan hali ba abin da aka saba gani ba ne.

Har majalisar kanta sun gyara mata zama. Aka sa iyakar lokaci ga tambayar da ake yi wa minista da amsar da zai bayar, aka ƙara wa wakilai marasa muƙami lokacin gabatar da ƙudurorinsu, aka amince a kafa ofishin ƙididdigar kasafi na majalisa wanda ba ya ƙarƙashin gwamnati. Ya fara aiki a 2012, yana nan har yau.

Sai aka sa muciya. Kakaki ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, kuma daga Leba ya fito, don haka a zahiri 75 da 74 ake tafiya. Ɗan majalisa ɗaya ya makara, lissafi ya rikice. A Nuwamba 2011 gwamnati ta ga wata dabara: kakakinta ya sauka ya koma cikin masu ƙuri'a, aka ɗora Peter Slipper daga ɓangaren Abbott a kujerar. Rata ta ƙaru. Wata biyu bayan haka, cikin Janairu 2012, bayan ƙungiyoyin da ke cin riba da injinan caca sun tayar da ƙura a mazaɓun Leba, Gillard ta shaida wa Wilkie cewa babu isassun ƙuri'un da za su wuce da dokarsa yadda aka rubuta. Wilkie ya janye goyon bayansa. Nan ne nake ganin Gillard ta yi babban kuskurenta. Ko da lissafinta gaskiya ne, ai alkawari kaya ne, da ta kai ƙudurin gaban majalisa ya faɗi a idon kowa. Ta zare dutsen da aka gwada ta jingina da na aro, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Cikin Afrilu zarge-zarge suka taso wa Slipper ya koma gefe, a Oktoba ya ajiye kujerar.

Duk da haka tukunyar ba ta kife ba. Majalisar ta yi wa'adinta, ta zartar da dokoki sama da 500, ciki har da tsarin inshorar kula da naƙasassu da kuma farashi kan hayaƙin masana'antu, dala 23 kan kowane tan daga Yuli 2012. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo wa Windsor da Oakeshott wuta. Sun sha zagi a rediyo da kan titi, har da barazanar kisa, ba su motsa ba. Wanda ya taɓa kwashe toka bayan biki ya san ƙaramin dutse ya fi baƙi, don shi ya fi kusa da bakin wuta.

Babban dutsen ne ya tsage. Ranar 26 ga Yuni 2013 'yan majalisar Leba da kansu suka sauke Gillard da ƙuri'a 57 da 45, suka dawo da Kevin Rudd, mutumin da ita ma ta karɓa daga hannunsa shekara uku kafin nan. A wannan ranar Windsor da Oakeshott suka ce ba za su sake tsayawa ba. Abbott ya ci zaɓen Satumba, Nashonal ta karɓe kujerun biyu, a 2014 aka soke farashin hayaƙi. Windsor da Oakeshott sun sake gwada takara a 2016, ba wanda ya ci.

Wilkie kuwa mutanen Hobat sun ci gaba da mayar da shi majalisa zaɓe bayan zaɓe. An yi wa asibitinsu sabon gini. Dokar injinan caca da aka sa masa hannu a kanta ranar 2 ga Satumba 2010, gwamnatin tarayya ba ta yi ta ba har yau, kuma bai daina tashi a zauren yana tambayarta ba.