A Fid Da Iri Tukuna



Akwai wata tambaya da sababbin masu bi su kan yi. Sun ji a wurin sujada cewa Yesu ya hana almajiransa damuwa domin gobe, ya nuna masu tsuntsaye waɗanda ba su da rumbu, amma Allah yana ciyad da su. Sai su ce, ashe in mutum ya ajiye kuɗi domin wata mai zuwa, bangaskiyarsa ce ta kasa? Ko kaɗan. Damuwa dabam, tanadi dabam. Mai damuwa ya kan kwana yana juyi bisa tabarmarsa, gari ya waye bai ƙara ko ƙwaya ɗaya a rumbu ba. Mai tanadi kuwa ya karɓi abin da Allah ya ba shi yau da godiya, ya raba shi da hankali, ya kwanta ya yi barci. Tsuntsun nan ma ba ya zama a sheƙa yana jira a zuba masa a baki.

Ku tuna da Yusufu a ƙasar Masar. Sa'ad da Allah ya bayyana masa fassarar mafarkin Fir'auna, shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, shawarar da ya bayar ita ce a riƙa ɗiban kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a adana. Ku lura da kyau: bai sa Masarawa su kwana da yunwa cikin shekarun ƙoshi ba. Kashi huɗu yana hannunsu, suna ci suna sha, suna aurad da 'ya'yansu. Hikimarsa ita ce an fid da rabon ajiya tun da fari, kowace shekara, ba a jira sai an ga abin da ya rage ba.

Manomi ya san wannan tun daga kakanninsa. Ran da ya kawo gero gida ya kan zaɓi zangarniya masu kyau ya ɗaure dabam, ya ce wannan iri ne. Ko baƙi sun cika gida, ko tuwo ya yi ƙaranci cikin bazara, ba mai taɓa shi. Amma mutumin nan, in ya sami kuɗi a hannu, sai ya manta da koyarwar gonarsa, ya ce bari in yi hidimar gida, abin da ya saura a ƙarshen wata in ajiye. Ɗan'uwana, ka taɓa ganin abin da ya saura? Kuɗi a aljihu kamar ruwa ne a kwando. Ran da albashi ya shigo, ko ran da ka sayad da amfanin gona, ko ka tashi daga kasuwa, ran nan za ka fid da baikonka na Ubangiji, ka fid da irinka, kāna ka ci sauran da farin ciki.

Nawa za a fitar? Ba doka a kan wannan. A shekara ta 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Mai samun wannan, in ya bi ma'aunin Yusufu, 14,000 ke nan, abu mai wuya ƙwarai ga mai iyali, ba ni kuwa ɗora wa kowa shi. In ya fid da ɗaya cikin 20, watau 3,500, a shekara ya tara 42,000. Mai ciniki ko mai aikin hannu da ke jefa naira 200 a asusu kowace rana, kafin shekara ta kewayo yana da 73,000, ya fi albashin nan na wata guda. Da yayyafi kogi kan cika. Gwamma kaɗan da ba a fasawa, da mai yawa wanda za a yi wata biyu a bari.

Yanzu fa ga abin da ya fi tsorata mutane. Suna tsammani tanadi shi ne a rage tuwon yara, a hana uwargida kuɗin cefane, a ɓuya in an ji sallamar baƙo. Wannan rowa ce, rowa kuwa ba ta dace da mai bi ba. Kada ka taɓa abincin gida, ko kuɗin makaranta, ko rabon iyayenka tsofaffi, ko ƙwaryar baƙo. Musamman ku da danginku ba su bi hanyar nan tare da ku ba, idonsu yana kanku. In suka ga hannunku ya ƙanƙance tun da kuka tuba, sunan Ubangiji za su zarga.

To, daga ina za a samo? Ka fara duba abin da tuba ta riga ta sauke maka. Waɗansunku a dā suna kai kaza da kuɗi wurin boka, waɗansu kowace ran kasuwa sai sun biya gidan burukutu, waɗansu samari kuma suna zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya. Kun bar waɗannan, mun gode Allah. Amma ina kuɗin ya tafi? Gidanka bai taɓa cin moriyarsa ba, saboda haka ba zai ji rashinsa ba in ka juya shi zuwa asusu.

Bayan wannan, ka sami takarda ka rubuta dukan abin da ya fita hannunka har wata guda, kome ƙanƙantarsa: katin waya, lemon kwalba, hawan babur zuwa inda ƙafa za ta kai ka. Ba na ce ka daina duka ba. Ka gani da idonka tukuna, kai da kanka za ka san wanda ke daɗa maka daɗin zama da wanda ke zuba kawai.

Lokacin saye kuma yana da muhimmanci. Hatsi yana araha da kaka, yana tsada tsakiyar damina, kowa ya sani. Duk da haka mutum ya kan sayad da nasa a Nuwamba domin biki, ya koma yana awo da kwano a Agusta. Tufafin Kirsimati ma haka ne. Ku yi ado, ku yanka abin yankawa, ranar murna ce. Amma wanda ya sayi yadinsa tun Satumba ya kai wa tela, shi da wanda ya ci bashi ana sauran mako guda, riga ɗaya za su sa a sujada. Bambancinsu sai Janairu. Ba a fafe gora ran tafiya.

Sai maganar wurin ajiya. Asusun ƙasa yana da kyau domin ƙananan kuɗi, amma kada takardun kuɗi su daɗe a ɗaki. Banda gara da ɓarawo da gobara, waɗanda suka ɓoye kuɗi a gida sun sha wuya sa'ad da aka sake fasalin manyan takardun naira a ƙarshen 2022. Darajar kuɗin kuma tana zaizayewa: bayan an cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tsadar kaya ta hau har ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekara ta 2024. Domin wannan, wanda ya juya wani rabo na ajiyarsa ya zama akuya, ko wake a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, ya yi dabara. Sauran a kai banki mai rajista. Adashi kuma hanya ce mai kyau, gama kunyar 'yan'uwa ta kan sa mutum ya yi zubi ko ba ya so. Sai dai ka san uwar adashin, ka san masu zubin, a rubuta kome. Amma duk wanda ya ce ka kawo kuɗinka ya haihu cikin kwana kaɗan ba da wani aiki ba, ka guje shi, ko da a ƙofar majami'a ya tare ka. MMM ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, a Disamban 2016 ta rufe, kuɗin mutane da yawa ya tafi ke nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Me ya sa na dame ku da wannan? Domin na san halin da waɗansunku ke ciki. Akwai wanda a dā in ciwo ya same shi dangi za su taru a kansa, yanzu kuwa sun ja baya. Ikilisiya za ta taimaka gwargwadon ƙarfinta, wajibinta ne, amma ita ma aljihun 'yan'uwa ne matalauta irinka. Littafin Sarakuna na Biyu ya ba da labarin wani mutum mai tsoron Allah da ya mutu da bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi, sai da Allah ya yi al'ajibi ta hannun Elisha aka fanshe su. Tsoron Allah na mutumin nan gaskiya ne, amma dubi kukan da ya bar wa matarsa.

Kada kuwa ajiyar ta zama gunkinka, kamar mai arzikin nan na cikin Bisharar Luka, wanda ya ƙudura zai rushe rumbunansa domin ya gina manya, bai tuna da Allah ko maƙwabci ba, a daren nan aka karɓi ransa. Manzo Bulus ya umarci masu bi na Koranti kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar fari ta mako gwargwadon samunsa, domin matalautan Urushalima, don kada a tsaya neman kuɗi sai ya iso. Ashe mai ajiya shi ke da abin bayarwa ran da aka nema.

Miji da mata su zauna tare su yanka shawara tun yau a kan abin da za a fasa asusun dominsa: ciwo, haihuwa, kuɗin makaranta, taki, ɗan'uwa da ya shiga matsala ta gaske. Kada miji ya ɓoye wa matarsa inda kuɗin ya ke, kada kuma ya sa hannu a ajiyar da ta tara daga sana'arta sai da yardarta. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da takardarsa bayan sujada, ko ni ko ɗaya daga cikin dattawa za mu zauna da shi mu yi lissafin.